Farantin Azurfa Babu Tuwo: Labarin Althea Gibson, Gwanar Wasan Tanis

Ranar Asabar, 6 ga watan Yuli na shekarar 1957, a wata unguwa ta birnin Landan da ake kira Wimbledon, cikin wani irin zafin rana da mutanen Ingila ba su saba da shi ba, Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wadda shekara guda da 'yan watanni kafin nan sarakunan Arewa suka yi mata hawan daba a Kaduna, ta sauko daga mazauninta, ta tako har tsakiyar fili, ta miƙa wani babban faranti na azurfa ga wata doguwar mace baƙar fata, 'yar manoman auduga daga Amurka, mai suna Althea Gibson. Tun da aka soma gasar tanis ta Wimbledon a 1877, shekara tamanin ke nan cif, ba a taɓa samun baƙar fata, namiji ko mace, da ya cinye wasan ɗaiɗai a wurin ba sai ranar. Aka yi tafi, aka ɗauki hotuna, da dare aka yi liyafa har ita gwanar ta tashi ta yi wa jama'a waƙa. Da gari ya waye aka mayar da farantin ma'ajinsa, aka ba ta wani ɗan ƙarami mai kama da shi ta tafi da shi gida, kuma ko anini ba a ɗora mata a kai ba, domin dokar wasan a wancan zamani ta haramta a biya ɗan wasa lada.

Wanda duk ya bi tarihin wannan baiwar Allah a tsanake zai ga cewa ƙofofi biyu ne suka yi mata iyaka. Ta farko ƙofar launin fata ce, wadda ba a buɗe mata ba sai da ta kai shekara 23, lokacin da takwarorinta fararen fata suka daɗe da gogewa a manyan filaye; ta biyu kuwa ƙofar kuɗi ce, wadda aka buɗe a 1968, bayan ta bar fagen da shekara goma. Abin da ta yi a ɗan tsakanin nan shi ya sa ake ambatonta har yau, abin da ya same ta daga baya kuma shi ya sa labarin bai yi daɗin ji duka ba.

Ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayanin wasan, don kada alƙaluman da za su biyo baya su zama masa tamkar hatimi. Tanis wasa ne da mutum biyu, ko huɗu bibbiyu, suke yi a kan fili mai kusurwa huɗu wanda aka raba tsakiyarsa da raga, kowa yana riƙe da abin bugu mai kama da matankaɗi mai dogon mariƙi, wanda ake kira raket, ana ta mayar wa juna ƙwallo har wani ya kasa. Ana kasa karawar turmi-turmi kamar yadda 'yan dambe suke yi, kowane turmi na wanda ya riga kai wasa shida da ratar biyu, mata kuma wadda ta ci turmi biyu ita ce da nasara. Manyan gasa a duniya huɗu ne: ta Ostareliya, da ta Faransa wadda ake yi a kan jar ƙasa, da ta Wimbledon a kan ciyawa, da ta Amurka. Asalinsa wasan masu hali ne, ana yinsa a kulob-kulob da ba kowa ake bari ya shiga ba, cikin fararen tufafi, da ladabi irin na fada, ta yadda ko tari mai ƙarfi abin kunya ne ga ɗan kallo.

An haifi Althea ranar 25 ga Agusta, 1927, a wani ƙauye mai suna Silver a jihar Carolina ta Kudu. Iyayenta, Daniel da Annie, suna noman auduga a gonar da ba tasu ba, bisa sharaɗin a raba amfani da mai gona, irin noman da talaka kan shekara yana yi ya ƙare da bashi. Da auduga ta faɗi, duniya kuma ta shiga matsin tattalin arzikin da ya soma a 1929, sai suka bi sahun dubban baƙaƙen fata da suke barin kudu, suka sauka a unguwar Harlem ta birnin New York a 1930. A nan yarinyar ta tashi, ba kuwa tashi irin na 'yar lele ba: makaranta ba ta dame ta ba, faɗa da maza a titi ba ya ba ta tsoro, mahaifinta ma da kansa ya koya mata dambe a kan rufin gidansu, wani lokaci da hannu mai nauyi, har takan gwammace ta kwana tana yawo a jirgin ƙarƙashin ƙasa da ta koma gida. Sai dai Allah da ikonsa, titin da suke zaune, watau titi na 143, yana cikin waɗanda wata ƙungiyar wasanni ta 'yan sanda takan rufe da rana don yara su yi wasa, kuma a bakin ƙofar gidansu aka zana filin wani ƙaramin tanis da ake bugawa da katako. A 1939, tana da shekara 12, ta zama zakarar mata ta birnin New York a wannan wasa na titi.

Daga nan al'amarinta ya shiga hannun mutane, kuma ya dace a ambace su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malamai suke jera isnadi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wani makaɗi mai suna Buddy Walker, wanda yake lura da yaran titi, shi ya fara ganin abin da ke hannunta, ya nemo mata raket na gwanjo, ya kai ta kulob ɗin Cosmopolitan, inda likitoci da lauyoyi da sauran masu faɗa a ji na baƙaƙen fatan Harlem suke wasa. Mutanen kulob suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga, aka haɗa ta da wani malamin wasa mai hannu ɗaya, Fred Johnson. Zakaran damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa suka ja ta a jiki, shi ne ma ya saya mata wata algaitar Turawa da ake kira saksafon, ganin tana son kiɗa. Tun da yake an hana baƙaƙe shiga gasar fararen fata, su ma sun kafa tasu ƙungiyar tun 1916, wadda ake taƙaita sunanta da ATA, a ƙarƙashinta kuwa Althea ta ci gasar 'yan mata ta ƙasa a 1944 da 1945.

A 1946 ta hau gasar manya ta ATA, ta kai wasan ƙarshe aka kayar da ita, amma wannan kayen ya fi mata nasarori da yawa albarka, saboda cikin 'yan kallo akwai likitoci biyu daga kudu, Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington a Carolina ta Arewa da Dokta Robert Walter Johnson na Lynchburg a Virginia, waɗanda suka daɗe suna neman wanda za su horar har ya fasa katangar da aka gina tsakanin jinsunan biyu. Suka yi mata tayi mai sharaɗi: lokacin karatu ta zauna gidan Eaton cikin iyalinsa ta koma makarantar da ta guje wa, lokacin hutun bazara kuma ta koma gidan Johnson, wanda yake da filin tanis a bayan gidansa, ya riƙa yawo da ita gasa-gasa. Ta karɓa. Budurwa 'yar shekara 19 da ta saba da 'yancin titin Harlem ta koma zaman aji da ƙannen bayanta, a garin da doka ta ce baƙi ya zauna a kujerun baya na motar haya, ta haɗiye wannan duka har ta kammala sakandare a 1949, ta sami gurbin karatu kyauta a jami'ar Florida A&M, ta fito da digiri a 1953. Gasar ATA kuwa, daga 1947 ta riƙe ta shekara goma a jere ba wadda ta karɓe. Shi wannan Dokta Johnson, don a cika isnadin, shi ne daga baya ya reni Arthur Ashe, wanda ya ci Wimbledon a 1975, wanda kuma yana Legas wajen wata gasa a watan Fabrairu na 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammed.

To, a nan ne mas'alar take. Ƙungiyar tanis ta fararen fata, wadda take shirya babbar gasar Amurka a Forest Hills, ba ta da wata rubutacciyar doka da ta ce baƙi ba zai yi wasa ba. Abin da take da shi shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira hila, watau a bi ta bayan gida a kai ga abin da ba a iya furtawa a fili. Suka ce ba a gayyatar kowa babbar gasa sai ya nuna ƙwazonsa a ƙananan gasa na filin ciyawa. Ƙananan gasar nan kuwa kulob-kulob ne suke shiryawa, su suke gayyatar wanda suka ga dama, kuma ba sa gayyatar baƙi. Ashe ke nan an ce wa mutum ya kawo shaidar ya iya iyo, alhali an hana shi kusantar kogi. Har bayan da baƙin ɗan wasan nan Jackie Robinson ya shiga babbar gasar ƙwallon gora a 1947, har bayan da aka bar Althea ta buga gasar cikin ɗaki ta ƙasa a 1949 ta kai zagayen 'yan takwas, ƙofar ciyawa tana nan a garƙame.

Wadda ta tona asirin wannan hila farar mace ce, Alice Marble, wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu, ta ci Wimbledon a 1939, saboda haka ba mai iya cewa ba ta san wasan ba. A fitowar watan Yuli na 1950 na wata mujallar tanis ta Amurka ta rubuta wasiƙa a fili, ta ce wa 'yan'uwanta, a taƙaice, idan wannan yarinya ƙalubale ce ga 'yan wasan da ake da su, to a fuskance ta a fili inda ake wasa, idan kuwa aka hana ta saboda launinta kaɗai, abin kunyar yana kan wasan da masu shi. Maganar ta yi nauyin da ba a iya share ta. Wani kulob a jihar New Jersey ya gayyaci Althea gasarsa ta ciyawa, sa'an nan takardar gayyata ta zo daga Forest Hills. Ranar 28 ga Agusta, 1950, kwana uku bayan ta cika shekara 23, ta shiga filin ta doke Barbara Knapp ta Ingila da 6-2, 6-2.

Karawarta ta biyu ita ce wadda tsofaffin masu kallo suka daɗe suna ba da labari. An haɗa ta da Louise Brough, wadda a lokacin ta ci Wimbledon shekara uku a jere. Turmin farko tsoro ya kama Althea, aka cinye ta 6-1. A na biyu ta dawo hayyacinta ta ci 6-3. A na uku aka yi ta ja-in-ja har ta wuce gaba da 7-6, saura wasa ɗaya ta kayar da zakarar Wimbledon, sai hadarin da ya daɗe yana haɗuwa ya ɓarke da ruwa kamar da bakin ƙwarya, aradu ta faɗo ta tumɓuke ɗaya daga cikin gumakan gaggafa na dutse da aka kafa a saman filin. Aka ɗage wasa sai gobe. Dare guda ya ishi gogaggiya ta huta ta shirya, ya kuma ishi baƙuwa ta kwana tana juyi tana tunanin abin da ke gabanta. Da aka dawo Brough ta ci wasa uku a jere, aka tashi 9-7. Masu son fassara alamu sun fassara faɗuwar gaggafar nan yadda suka so. Abin da ya tabbata dai shi ne daga ranar ba wanda ya sake cewa baƙar mace ba ta kai ta tsaya a wannan fili ba.

Shekarun da suka biyo baya ba su da armashi, ba kuma za mu daɗe a kansu ba. Ta je Wimbledon a 1951, baƙar mace ta farko da ta taka filin a gasar, ta ci wata gasa a Jamaika, ta shiga sahun goma na farko a Amurka, sa'an nan ta soma ja da baya. Tana da tsawo, kusan ƙafa shida, bugun farkonta kamar harbi, tana son rugawa gaban raga ta kashe ƙwallo tun bai faɗi ba, amma wasanta ba shi da tabbas, yau gwaninta gobe kurakurai, kuma sau da yawa ita kaɗai take cin abinci, ita kaɗai take neman masauki, don otal ɗin da sauran suka sauka ba ya karɓar irinta. Ta kama aikin koyar da motsa jiki a jami'ar Lincoln ta jihar Missouri da ɗan albashi, har ta yi niyyar ajiye raket ta shiga aikin soja. Wanda ya hana ta wani direban tasi ne ɗan asalin Jamaika, Sydney Llewellyn, mai koyar da tanis a gefe, wanda ya sauya mata yadda take riƙon raket, ya kuma dage mata cewa ba ta kai ƙarshen abin da aka rubuta mata ba.

Sababin farfaɗowarta ya zo ta inda ba a zata ba, watau ta hanyar siyasar duniya. A 1955 Amurka da Rasha suna tsakiyar yaƙin cacar baka, kowacce tana zawarcin ƙasashen Asiya da Afirka masu samun 'yancin kai, Rasha kuwa ba ta da makamin farfaganda da ya fi labarin yadda ake wulaƙanta baƙaƙe a Amurka, balle a shekarar ne aka yi wa yaron nan Emmett Till kisan gilla a Mississippi. Sai ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta shirya wata tawagar 'yan tanis huɗu ta ziyarci Bama da Silon da Indiya da Pakistan da Tailan, ta sa Althea a ciki tare da fararen fata uku, Ham Richardson da Bob Perry da Karol Fageros, don duniya ta ga baƙi da fari suna wasa tare. Althea ba yarinya ba ce, ta san abin da ake nufi da ita. Amma a karon farko a rayuwarta ta sami makonni tana wasa kullum, an ɗauke mata kuɗin jirgi da masauki, a gaban jama'ar da suke murna da ganin mai launi irin nasu tana cin Turawa. Da aka gama ziyarar ba ta koma gida ba, ta ci gaba da bin gasa a Asiya da Turai, ta shiga 18 ta cinye 16.

Cikin waɗannan har da ta Italiya a birnin Rum, da kuma babbar gasar Faransa a watan Mayu na 1956, inda ta doke Angela Mortimer ta Ingila da 6-0, 12-10 (a lokacin ba a ƙirƙiro hanyar yanke dogon turmi ba, sai a yi ta yi har wani ya ba da ratar biyu), ta zama baƙar fata ta farko da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu. A wannan tafiya ce kuma ta ƙulla zumuncin da zai cece ta bayan shekara arba'in. Akwai wata 'yar wasan Ingila, Angela Buxton, Bayahudiya, wadda ita ma kulob-kulob na ƙasarta suke rufe wa ƙofa saboda asalinta. Da yake duk biyun ba su da masu ɗokin haɗa gwiwa da su a wasan bibbiyu, sai suka haɗa da juna, suka ci kofin Faransa, suka ci na Wimbledon a shekarar. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Sauran kuwa tamkar girbi ne bayan doguwar damina. Shirley Fry ta tare mata hanya sau uku, a Wimbledon da Forest Hills a 1956 da Ostareliya a farkon 1957, sa'an nan ta yi ritaya. A Wimbledon ta 1957 Althea ba ta ba da turmi ko ɗaya ba tun daga farko har ƙarshe, ta gama da Darlene Hard da 6-3, 6-2. Birnin New York ya yi mata jerin gwano a buɗaɗɗiyar mota ana watso mata takardu daga benaye, irin karramawar da aka taɓa yi wa ɗan tseren nan baƙar fata Jesse Owens kafin ita. A watan Satumba ta kai wasan ƙarshe a Forest Hills, ƙaddara kuma ta sake haɗa ta da Louise Brough, wadda ruwan sama ya ƙwace mata a 1950. Wannan karon sama ta yi tsit, aka tashi 6-3, 6-2, mataimakin shugaban ƙasa Richard Nixon ya miƙa mata kofi. A 1958 ta maimaita duka biyun, ta ci Mortimer a Landan, ta ci Hard a New York. Jimillar abin da ta tara a manyan gasa kofi 11 ne: biyar na ɗaiɗai, biyar na bibbiyu, ɗaya na haɗin namiji da mace. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwanar 'yan wasa mata ta shekara sau biyu a jere, mujallar Time ta sa hotonta a bango.

A makon da Nixon yake miƙa mata kofi, gwamnan jihar Arkansas ya girke sojoji a ƙofar wata makarantar sakandare a Little Rock don hana yara baƙaƙe tara shiga aji. Wasu jaridun baƙaƙen fata sun so Althea ta hau mumbari ta yi magana a kan irin waɗannan al'amura kamar yadda Jackie Robinson yake yi, da ta ƙi, ta ce ita 'yar wasa ce ba mai wa'azi ba, sai suka zarge ta da girman kai da manta mafari. A ganina sun tsaurara mata. Mace ce da ta yi shekara bakwai tana shiga wuraren da ake jiran ta yi kuskure ɗaya a ce ga halinsu nan, ba ta da jam'iyya, ba ta da albashi, gayyatar da take rayuwa da ita kuma tana hannun mutanen da ake so ta zaga. Kuma ko da ta yi shirun, shirun bai saya mata komai ba: a 1959, shekara guda bayan ta ci kofi na biyu a filin kulob ɗin Forest Hills, shugaban wannan kulob ya shaida wa Ralph Bunche, babban jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai lambar Nobel ta zaman lafiya, cewa ba a karɓar baƙaƙe da Yahudawa a matsayin 'yan kulob, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce har ya sauka daga muƙaminsa.

A ƙarshen 1958, tana da shekara 31, tana kan ƙololuwar duniyar tanis, ta sanar da barin gasar. Dalilin a bayyane yake. Ƙa'idar da ake kira ta 'yan sha'awa, wadda ta ce mai daraja ba ya wasa don kuɗi, masu dukiyar gado ne suka shimfiɗa ta don kansu. Filaye suna cika, ana sayar da tikiti, kulob yana tara riba, ɗan wasa kuwa sai ɗan kuɗin guzuri, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. 'Yar attajiri tana iya yin haka har tsufa, 'yar ma'aikacin gareji a Harlem ba ta iyawa. Sai ta shiga buga-buga. Ta wallafa tarihin rayuwarta a 1958. Ta fitar da faifan waƙoƙi a 1959. Ta fito a fim ɗin John Ford mai suna The Horse Soldiers tare da John Wayne a matsayin baiwa, inda ta ƙi yarda ta yi magana da karyayyen Turancin da aka rubuta mata don a yi dariya. Ta bi 'yan ƙwallon kwandon Harlem Globetrotters gari-gari tana buga tanis da ƙawarta Karol Fageros kafin a fara wasansu. Wannan na ƙarshe ya kawo kuɗi, amma da ta gwada shirya irin wannan yawo da kanta sai ta tafka hasara. Fararen matan da ta kayar ana kiransu koyarwa a manyan kulob, ita ba mai kiranta.

A 1964, tana da shekara 37, ta sake fasa wata katangar, ta zama baƙar mace ta farko a ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan golf mata ta Amurka. Nan ma tsohon labari ne: akwai kulob ɗin da za a bar ta ta yi wasa a filinsa amma a hana ta shiga ɗakin sauya tufafi, sai ta sauya a cikin mota. Ba ta taɓa cin gasa ba, mafi kyawun abin da ta yi shi ne na biyu a 1970, abin da ta samu kuma da ƙyar yake biyan kuɗin tafiya. Tana cikin wannan fafutuka aka buɗe ƙofa ta biyu: a 1968 hukumomin tanis suka halatta biyan lada a manyan gasa, Rod Laver ya karɓi fam 2,000 a Wimbledon, Billie Jean King ta karɓi fam 750, daga nan kuɗin ya yi ta hauhawa, gasar Amurka ta daidaita ladan maza da mata a 1973. Althea ta ɗan gwada komowa, amma shekaru sun ja, ƙafa ba ta bin umarnin zuciya. An sa sunanta a zauren gwanayen tanis na duniya a 1971, ta riƙe muƙamin kwamishinar wasanni ta jihar New Jersey, ta koyar da yaran unguwannin talakawa, ta nemi kujerar majalisar dattawan jihar a 1977 ba ta samu ba. Ta yi aure sau biyu, na biyun da malaminta Llewellyn, duka suka mutu, ba ta haihu ba.

Daga ƙarshen shekarun 1980 lafiya ta soma gagararta, a 1992 shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta ajiye. Ta kulle kanta a wani ɗan gida a East Orange, ba ta son a ga yadda ta koma, domin mace ce mai tsananin jin kai da ƙin roƙo, kuma ƙungiyoyin tanis da aka nemi taimakonsu ba su motsa ba. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ta buga wa Angela Buxton waya, ta ce mata ba ta da kuɗin haya, ba ta da na abinci da magani, ta kira ne su yi sallama. Angela ba ta karɓi sallamar ba. Ta aika mata da abin da ta iya, sa'an nan ta sa aka buga wasiƙa a wata mujallar tanis ana bayyana halin da zakarar Wimbledon take ciki, ba tare da sanin mai ita ba, sai ga takardun kuɗi suna ta zuwa daga ƙasashe daban-daban, daga mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganinta ba, har suka ishe ta sauran kwanakinta.

Ta rayu har ta ga abin da ta shuka ya tsiro, ko da yake ya daɗe a ƙasa. Evonne Goolagong, 'yar asalin mutanen farko na Ostareliya, ta ci Wimbledon a 1971. Zina Garrison, baƙar Ba'amurkiya, ta kai wasan ƙarshe a can a 1990. Amma sai a 1999, shekara 41 bayan kofinta na ƙarshe, wata baƙar Ba'amurkiya ta sake cin babbar gasa, watau Serena Williams a New York, a shekara mai bi kuma yayarta Venus ta ɗaga farantin nan na azurfa a Landan. Althea Gibson ta rasu ranar 28 ga Satumba, 2003, tana da shekara 76, aka binne ta a garin Orange na New Jersey.

Karramawar da aka yi mata rowa tana raye ta yi ta zuwa bayan ƙasa ta rufe ido: kan sarki mai hotonta a 2013, kwabon Amurka mai siffarta a 2025. A tsakanin waɗannan, ranar 26 ga Agusta, 2019, aka buɗe wani mutum-mutuminta na dutse a Flushing Meadows, inda ake gasar Amurka yanzu, dab da babban filin da aka sa wa sunan Arthur Ashe tun 1997. A gasar wannan shekara, wadda ta ci kofin mata ta tafi gida da dala miliyan 3.85. Cikin waɗanda suka halarci buɗewar akwai Angela Buxton, wadda ta taso daga Ingila tana da shekara 85. Ita ma ta rasu a watan Agusta na shekarar da ta biyo.